Wa Zai Ci Waken Nan?



Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, wani dattijo manomi ya tsayar da mu a bakin ƙofa, ya yi mana wata tambaya wadda har yau ba ta bar zuciyarmu ba. Ya ce, "Fada, buhu goma na wake na samu bana. Biyu na ware domin gida, na zuba musu toka da barkono kamar yadda muka ga iyayenmu suna yi. Takwas na kasuwa ne, su kuwa na yayyafa musu fiya-fiya, domin kada ƙwari su cinye su kafin farashi ya tashi. Ban tauye mudu ba, ban yi wa kowa ƙarya ba. Ina da laifi?" Ba mu amsa masa nan take ba, gama tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Mun ce masa, "Baba, ka ba mu lokaci mu yi tunani." Abin da muka yi tunani a kai shi ne muke so mu shimfiɗa a nan, domin mun san ba shi kaɗai yake da wannan tambaya ba, shi ne dai ya yi ƙarfin halin furta ta.

Wahalar manomi

Ya kamata mu fara da yi wa manomi adalci, domin wanda bai taɓa ganin gonarsa ta lalace a cikin mako ɗaya ba yakan yi saurin yanke hukunci. A ƙasar Jibiya ruwan sama ba shi da yawa, damina gajera ce, abin da aka fi shukawa shi ne gero da dawa da gyaɗa da farin wake. Waken suya ya fi samun ƙasa a kudancin Jihar Katsina, wajajen Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙafur, inda ruwa ya fi yawa, amma buhunansa suna isowa kasuwannin bakin iyaka, gama babu garin da za ka shiga tsakanin Katsina da Maraɗi ka rasa mata masu suyar awara. Dukan waken nan biyu suna da abokan gaba. Tun wake yana ɗan ƙarami darɓa take manne masa. Idan ya fara fure, sai wata tsutsa wadda masana suke kira Maruka ta shiga cikin furen da kwanson, kuma a shekarar da ta yi yawa tana iya cinye kashi 80 cikin 100 na amfanin farin wake. A gonar waken suya kuwa akwai tsutsotsi masu cin ganye, akwai kuma ƙwari masu tsinin baki waɗanda suke huda kwanso su tsotse ƙwayar tun tana ɗanya, sai a zo girbi a tarar da ƙwaya ta motse, ta yi baƙi. Bayan an kai gida ma yaƙin bai ƙare ba. Ƙwaron rumbu yana saka ƙwansa a jikin ƙwayar farin wake, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige ciki, cikin wata ɗaya ta fito ta zama uwa, har buhun da aka ɗinke da kaka ya koma gari da ramuka kafin bazara.

A kan wannan kuma sai a ƙara tsadar taki, da bashin da aka ci da damina, da kuɗin makarantar yara, da rashin tsaro wanda ya hana mutanen ƙauyuka da yawa na Jibiya zuwa gonakinsu na nesa a shekarun nan. Mutumin da ya sayi kwalbar magani a cikin irin wannan hali ba mugu ba ne. Uba ne mai neman kare abincin 'ya'yansa, kuma kare amfanin gona daga ɓarna hakki ne, har ma wajibi ne. Ba mu ga laifi a kashe ƙwaron da yake cinye abincin mutum ba. Tambayarmu ita ce ta yaya, da me, da yawan nawa, kuma wa zai ɗauki nauyin abin da ya biyo baya.

Iyakar da ƙwaro bai sani ba

Mu mutanen bakin iyaka mun san ƙarfin shinge. Mun ga an rufe iyaka a watan Agusta na 2019, mun kuma ga an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, har manyan motoci suka yi dogon layi a Magama, kasuwa ta mutu, kafin Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024. Amma a duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa tsayar da ƙwaro ɗaya a shingen kwastan ba. Tsutsar nan mai cin masara wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, an fara ganinta a Afirka a farkon 2016, Nijeriya tana cikin wuraren farko, kuma cikin shekaru biyu ta mamaye yawancin ƙasashen kudu da Sahara.

Ruwa ma haka yake. Kogin Gada, wanda aka datse aka yi madatsar ruwa ta Jibiya, idan ya wuce garinmu sai ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya ratsa ƙasar Madarumfa da Maraɗi, sa'an nan ya sake juyowa Nijeriya ya haɗu da Kogin Rima. Mun koyi wannan da hawaye a ambaliyar watan Yuli na 2018, lokacin da ruwa ya ci rayuka fiye da 40 a Jibiya, aka tsinci waɗansu daga cikin 'yan'uwanmu a can cikin ƙasar Nijar. Hanyar da ruwan nan ya bi, ita ce ruwan da aka wanke famfon feshi da shi yake bi. Wake kuwa ya fi su duka tafiya. Nijeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman farin wake, Nijar ta biyu, kuma yawancin wanda Nijar take fitarwa Nijeriya yake shigowa. Buhun da aka ɗinke a ƙauyen Ɗan Isa ko na Jibiya yana iya kwana a kasuwar Dawanau ta Kano, ya wayi gari a Legas ko Onica, ya ƙare a tukunyar makarantar kwana ko ta asibiti.

Nan ne wuyar al'amarin take. A zamanin kakanninmu wanda ya noma da wanda ya ci sun san juna, idan ka sayar wa mutum mugun hatsi za ka haɗu da shi a wurin suna ko jana'iza. Yanzu mai cin wakenmu ba shi da fuska a idonmu. Ba mu san sunansa ba, ba za mu ji labarin ciwon cikinsa ba, ba zai taɓa zuwa ƙofar gidanmu ya yi ƙara ba. Zuciyar ɗan Adam kuwa takan yi sanyi a kan wanda ba ta gani. Amma nisa ba ya rage alhaki. Wanda ya jefa dutse a bayan katanga, ko bai ga kan da ya fasa ba, shi ne ya fasa shi.

Kada wani ya ce ai tsoratarwa ce kawai. A shekarar 2008 an kwantar da ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare ta gwamnati a Doma, cikin Jihar Gombe, bayan sun ci wake, kuma binciken hukumar NAFDAC ya nuna akwai maganin ƙwari a cikinsa. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda wani sinadari mai suna dikulobos, watau ainihin gubar da take cikin fiya-fiya da Sniper. Iyakar abin da dokarsu ta yarda da shi miligiram 0.01 ne a kowane kilo, amma an sami daga 0.03 har zuwa 4.6 a cikin wakenmu, watau har ninki 460. A 2016 suka ƙara wa'adin hanin da shekara uku. An yi ta kukan asarar kuɗin ƙasashen waje, amma ba mu ji mutane da yawa sun yi tambayar da ta fi muhimmanci ba: waken da Turawa suka ƙi karɓa, da irinsa da bai taɓa barin ƙasar nan ba, wa ya ci? Mu ne muka ci, da 'ya'yanmu, da tsofaffinmu.

Ma'aunin da magabata suka bar mana

Masana halin kirki sun daɗe suna nazarin aikin da yake haifar da sakamako biyu, mai kyau da marar kyau. Waliyyi Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya tattauna shi a kan batun mutumin da yake kare kansa daga mahari, malaman da suka biyo bayansa kuma suka tsara koyarwar ta zama tambayoyi huɗu. Ta fari, aikin kansa halal ne? Ta biyu, alherin ake nufi ko cutar? Ta uku, ta hanyar cutar ne alherin yake zuwa? Ta huɗu, alherin ya kai nauyin cutar, kuma babu wata hanya mai sauƙin illa da za a iya bi?

Idan muka auna manomi mai feshi da wannan ma'auni, yakan tsallake ukun farko ba da wahala ba. Kare gona halal ne, nufinsa ya tsirar da amfaninsa ne, kuma ba ciwon mai ci ne yake kawo masa riba ba. A tambaya ta huɗu ne yawancinmu muke tuntuɓe, domin tana neman abu biyu da ba mu cika son bayarwa ba, watau mu tsaya mu auna, mu kuma nemi wata hanya kafin mu ɗauki mafi sauƙi a gare mu. Bari mu bi ta cikin gona, sa'an nan mu shiga rumbu.

A cikin gona

Waken suya shuka ce mai haƙuri. Malaman gona sun tabbatar cewa kafin ya yi fure yana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ganyensa ba tare da amfaninsa ya ragu ba, gama yakan fid da sabon ganye ya mayar da gurbi. Lokacin da yake bukatar tsaro sosai shi ne daga fure zuwa cikar kwanso, sa'ad da masu tsotson ƙwaya suke zuwa. Saboda haka wanda ya ga 'yan huji a ganye a makonnin farko ya ruga ya sayo magani, ya kashe kuɗinsa a banza, kuma ya yi wata ɓarna wadda ba ya gani. Gona ba ta masu ɓarna kaɗai ba ce. Akwai gizo-gizo da zanzaro da rina da ƙoƙi-ƙoƙi da kwaɗi da ƙadangaru da tsuntsaye, dukansu ma'aikata ne da ba a biyansu lada, dare da rana suna cin tsutsa da darɓa. Maganin feshi ba ya bambanta aboki da maƙiyi. Idan ya share su gaba ɗaya, masu ɓarnar ne suke fara dawowa, domin sun fi saurin haihuwa, sai su tarar babu mai tsare ƙofa. Har ila yau, a kowane feshi akwai 'yan ƙalilan da suke tsira saboda jikinsu ya fi jure gubar, su ne kuma za su haifi na baɗi. Shi ya sa manomi yakan ce maganin bana ba shi da ƙarfi kamar na da, sai ya ninka awo, garin neman gira a rasa ido.

Hanyar hankali ita ce a duba kafin a fesa. A shiga gona da sassafe sau ɗaya ko biyu a mako, a tsaya a wurare dabam-dabam, a shimfiɗa farin ƙyalle tsakanin kunya biyu, a girgiza shukar a kai, a ga abin da ya faɗo da yawansa. A yi shuka da wuri tare da maƙwabta, domin gonar da ta makara ita ce takan zama matattarar ƙwarin unguwa duka. A riƙa juya shuka, bana wake baɗi hatsi. A gwada ruwan 'ya'yan bedi, wanda waɗansu suke kira darbejiya ko dogon yaro, gama yana hana tsutsa cin ganye kuma illarsa ga mutum kaɗan ce. Idan duk da haka ɓarna ta kai inda dole a yi feshi, to a yi shi da ƙa'ida: maganin da aka yi wa rajista domin wannan shuka, da awon da aka rubuta, da yamma bayan ƙudan zuma sun koma amya, ba cikin iska ba, da rufe hanci da hannu da ƙafa. A jikin kowace kwalba ta gaskiya akwai zanen launi a ƙasa, ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore, kuma an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi na ƙarshe da girbi. Wanda bai iya karatu ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa, babu kunya a wannan. Abin kunya shi ne a goya wa yaro ɗan shekara goma sha biyu famfon feshi, ba takalmi, maganin yana ɗiga a bayansa, ko a wanke kwalbar da ta ƙare a zuba mata man gyaɗa.

Maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka sun nuna mana abin da haɗin kai yake iya yi. Masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi sun yi aiki a kan murzuna, tsutsar da take cin zangarniyar gero, ta hanyar kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro wanda yake kashe ta. Ana sa shi a ƙananan jakunkunan algarara, a rataye a kewayen ƙauye, ya fito ya bazu cikin gonaki. Ƙwaron nan bai san gonar wanda ya biya kuɗi da ta wanda bai biya ba, saboda haka aikin ba ya yiwuwa sai gari ya yi shawara ɗaya. A Samaru ta Zariya kuma, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta fitar da irin farin wake mai suna SAMPEA 20-T a watan Disamba na 2019, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta domin ya jure wa Maruka, ya rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Akwai masu shakka a kan irin wannan iri, kuma muhawararsu ta cancanci a saurare ta da natsuwa. Abin da muke so a lura da shi kawai shi ne, kwalbar guba ba ita kaɗai ce ƙofa ba.

A cikin rumbu

Yanzu mu koma ga buhunan dattijon nan. Maganin da aka fesa a gona yana da rana da ruwa da iska da kwanaki masu rage ƙarfinsa. Wanda aka zuba a cikin buhu kuwa, a kan abincin kansa aka zuba shi, aka ɗinke baki. Ba a yi fiya-fiya domin a haɗa ta da abin da za a ci ba. Gubarta tana taɓa jijiyoyin jiki, alamunta su ne dalalar miyau da gumi da amai da gudawa da wahalar numfashi, kuma ƙaramin yaro ya fi babba saurin faɗuwa. Wanda ya ga haka a gidansa ya garzaya asibiti da marar lafiyar tare da kwalbar in akwai, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da kantuna, amma doka ba ta shiga ɗakin ajiya da dare. Lamiri ne kaɗai yake shiga can.

Shin akwai wata hanya? Akwai, kuma ba a nesa aka gwada ta ba. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, an gwada shi sosai tare da masu binciken Maraɗi, kuma tun daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya da Nijar. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. A busar da wake sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi dabam. Ƙwarin da suke ciki sukan shaƙe 'yar iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Idan bai huje ba ana iya amfani da shi fiye da shekara ɗaya. Duro ko jarka mai murfi da aka cika aka toshe, ita ma haka take aiki. Toka da yashi na iyayenmu suna nan domin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Tun da hanya marar cuta tana nan, kuma kuɗinta bai kai asarar da take tsarewa ba, to hujjar larura ta faɗi.

Akwai kuma batun ciniki. Waliyyi Toma ya koyar cewa mai sayarwa ba dole ne ya yi shelar aibin da kowa yake gani ba, amma ɓoyayyen aibi wanda zai jefa mai saye cikin haɗari wajibi ne a bayyana shi, kuma a cikin misalan da ya kawo har da abinci mai guba da aka sayar a matsayin lafiyayye. 'Yan'uwanmu Musulmi da muke cin kasuwa ɗaya da su suna da wannan koyarwa, suna kiran ɓoye aibin kaya algus, suna kuma haramta shi. Dattijonmu ya ce bai yi ƙarya ba. Gaskiya ne bakinsa bai yi ba. Amma duk wanda ya ajiye wake a kasuwar abinci ya riga ya ce wannan abin ci ne, ko bai buɗe baki ba. Ga gwaji mai sauƙi: zai iya tsayawa a bakin buhun ya ce wa mai saye, "Hajiya, na zuba masa fiya-fiya wata biyu da suka wuce"? Idan cinikin ba zai yiwu ba sai an yi shiru, to shirun ne ake sayarwa, ribar kuwa ta fito ne daga rashin sanin mai saye.

Laifin ba na manomi kaɗai ba ne

Wani zai ce, "Kowa haka yake yi, in na bari ni kaɗai zan yi asara." Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Sau da yawa ma ba manomi ne yake zuba maganin ba, ɗan kasuwa mai tara ɗaruruwan buhuna a sito ne. Akwai mai sayar da magani a bakin tasha, wanda yake ɗura shi a kwalbar da ba ta da suna. Akwai jami'in da ya kamata ya duba, ya kau da kai. Akwai hukumomin da suka bar ƙauyuka da yawa ba malamin gona. Mu masu saye ma muna da namu kaso, domin mu ne muke ture mudun da muka ga ƙwaro ɗaya yana tafiya a kai, mu zaɓi mai sheƙi wanda ko ƙuda ba ya sauka a kansa, ba mu tambayi abin da ya kori ƙudan ba. Idan alhaki ya rarrabu haka, kowa yakan ga nasa kaɗan ne. Amma yaron da ya ci waken, gubar duka ya ci, ba kason mutum ɗaya ba. Yawan masu yin abu yana iya rage wa mutum kunya, ba ya mayar da cuta ta zama alheri. Talauci da rashin sani suna rage nauyin laifi, wannan gaskiya ne, kuma muna faɗarsa domin kada kowa ya karaya a kan abin da ya wuce. Sai dai daga ranar da mutum ya sani, ya fita daga cikin marasa sani.

Kuma asarar da ake tsoro ba dole ne mutum ya ɗauke ta shi kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata da ƙungiyar maza da ta matasa a kowace majami'a suna iya haɗa kuɗi su sayo buhuna masu ruɓi uku a kan sari, su raba wa mambobi bashi zuwa bayan sayarwa. Ana iya gayyato malamin gona sau ɗaya kafin shuka, sau ɗaya kafin girbi, a kira maƙwabta duka ba tare da duban addini ba, gama ƙwaro ba ya tambayar wannan. Ana iya zaɓen matasa biyu ko uku a koya musu feshi bisa ƙa'ida, a saya musu kayan kariya, su riƙa yi wa gari. Masu dafa wa makarantu da masu sayar da ƙosai da alale da awara su riƙa tambayar yadda aka adana abin da suke saye, domin tambayar mai saye tana gyara kasuwa fiye da wa'azi. Idan gari ya yi suna da wake marar magani, masu saye za su neme shi.

Amsarmu ga dattijo

Da muka sake haɗuwa da dattijon, mun ce masa, "Baba, kai ne ka amsa tambayarka tun ranar da ka ware buhu biyu domin gida. Hannun da ya zuba wa na gida toka ya san abin da yake gudu. Abin da ya rage shi ne ka ɗauki mai cin sauran takwas ɗin kamar yana zaune a tabarmarka." Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaya ko ya zubar da su ke nan. Mun ba shi shawara kada ya kai su kasuwar abinci a haka, ya nemi malamin gona ya duba su, abin da ya dace da iri a ajiye shi domin shuka a rubuta a jikin buhun, kuma mun yi alkawarin za mu yi magana da 'yan'uwa a taimaka masa da buhunan baɗi. Bai tafi da fara'a ba, gama asara ce ta gaske ga mai buhu goma. Amma ya ce tun da ya ɗinke buhunan nan bai yi barci mai daɗi ba.

'Yan'uwa, lokacin bikin godiya na kaka za mu shigo da damman gero da kwanonin wake muna rawa muna waƙa, a sa musu albarka, a raba waɗansu ga gwauraye da marayu da marasa lafiya. Kafin wannan rana, bari kowannenmu ya shiga rumbunsa shi kaɗai, ya dubi buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kansa ko akwai wanda ba zai yarda a dafa wa jikansa ba. In akwai, kada ya kawo shi coci, kada kuma ya kai shi kasuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare manomanmu a gona da kan hanya, ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya. Amin.